Sunan Gari a Intanet: Amfaninsa da Sharuɗɗan Mallakarsa

1.0 Gabatarwa

Kowane shafi na intanet yana da adireshin da ake bi a iske shi, kamar yadda gida yake da unguwa da lamba. Alal misali, adireshin Jami'ar Bayero shi ne buk.edu.ng. Ɗalibin nahawu zai iya kwatanta ƙarshen adireshin da ɗafa-ƙeya, domin shi yake fayyace dangin sunan: "edu" na nuna makaranta, "ng" na nuna Nijeriya, kamar yadda "ne" ke nuna Nijar. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke kula da waɗannan ƙarshen sunaye a duniya, yayin da ƙungiyar NiRA ke kula da na Nijeriya. Wannan darasi ya dubi abin da gari zai samu idan sunansa ya zama ƙarshen adireshi.

2.0 Biranen da Suka Riga Suka Mallaka

A shekarar 2012 ICANN ta karɓi takardun neman sababbin sunaye har 1,930, cikinsu da na birane. A 2014 aka fara rajista da .berlin a Jamus, sai .london da .nyc da .paris. A Afirka ta Kudu ma an samu .joburg da .capetown da .durban.

Babban amfanin wannan tsari shi ne amana. Birnin New York ya shardanta cewa sai mai adireshi a cikin birnin zai yi rajista da .nyc, saboda haka mai sayayya ya san inda ɗan kasuwa yake kafin ya aika kuɗinsa. Birnin kuma yana da kaso a kuɗin rajistar. Ban da haka, gajerun sunaye masu sauƙin riƙewa sun daɗe da ƙarewa a .com, amma a sabon fili kowa zai sami wurin kafa rumfa.

3.0 Darasi ga Yammacin Zamfara

Wanda ya nemi labarin Anka ko Bukkuyum a intanet, abin da zai fara cin karo da shi shi ne gubar dalma ta 2010, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinare irin su Dareta da 'Yargalma, sai kuma labarin 'yan bindiga. Duk wannan gaskiya ne, sai dai ba shi ne dukan labarin ba. Anka mazaunin Sarkin Zamfara ce, mai tsohon tarihi. Gummi garin malamai ne da manoman fadama. Adabka tana da kasuwarta da mutanenta. Kusan duk abin da aka rubuta a kan waɗannan garuruwa baƙi ne suka rubuta, cikin wani harshe. Adireshin da gari ya mallaka yakan ba shi dandalin da zai tara tarihinsa da sanarwar makarantunsa da farashin hatsinsa, ya faɗe su da bakinsa.

Wani abin lura shi ne, suna ba ya jiran mai shi a intanet. Kalmar "gummi" a Jamusanci na nufin roba, "anka" kuwa agwagwa ce a harshen Suwidin, kuma sunan wani tsuntsun tatsuniya ne a Turkanci. Duk garin da ya yi jinkiri zai iya tarar da wani kamfani na nesa ya riga shi.

Amma fa abin yana da tsada. Kuɗin shigar da takarda kaɗai a 2012 dala 185,000 ne, ga buƙatar takardar amincewar gwamnati, ga ɗawainiyar na'urori da ma'aikata kowace shekara. Kano za ta iya tunanin .kano, amma ƙaramar hukumar da ke fama da albashin malamai ba ta da wannan hali. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne ta yi rajistar sunanta a ƙarƙashin .ng, wanda ake biya da naira, kuma hukumomi suna da gurbinsu na .gov.ng. Sannan adireshi bai da amfani in babu layi: a watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda tsaro, aka shafe makonni ba waya ba intanet.

4.0 Rawar Malamin Hausa

Kafin a yi rajistar suna, dole a daidaita rubutunsa. Sakkwato za a rubuta ko Sokoto? Gummi ko Gumi? Na'ura ba ta san cewa gari ɗaya ake nufi ba. Harafi guda ya isa ya kai mutum wani wuri dabam. Haka kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin baƙaƙen da aka fara gina adireshi da su, shi ya sa ake rubuta Ƙaura da "k" mara lanƙwasa. Tun 2010 aka fara ba ƙasashe irin su Masar da Saudiyya ƙarshen adireshi da rubutun Larabci, abin da ya kamata masu kishin ajami su lura da shi.

Misalin da ya fi kusa da malamin harshe shi ne na .cat, wanda aka amince da shi a 2005 domin masu harshen Katalan. Ba ƙasa aka ba shi ba, kuma ba birni ba, harshe da al'ada aka ba, kuma ana sa ran mai rajista ya yi rubutu da harshen ko ya yi masa hidima. Wannan ya samu ne domin akwai ɗimbin shafukan da aka riga aka rubuta da harshen. Shafin Anka ko na Adabka ma sai an sami masu cika shi da ingantacciyar Hausa, kuma daga ajin malamin firamare za su fito.

Auna Fahimta

1. Kwatanta ƙarshen adireshin intanet da ɗafa-ƙeya, tare da misalai biyu.
2. Kawo sunayen garuruwa biyar na jiharka da ake rubutawa ta hanya fiye da ɗaya, ka zaɓi wadda ta dace da ƙa'idojin rubutun Hausa, ka faɗi dalili.