Darasi Na Tara: Neman Kayan Birkin Tsohuwar Mota

In ka tsaya a bakin hanyar da ta fito daga Katsina ta bi ta Batagarawa ta nufi Dutsin-Ma, wata rana za ka ga tsohuwar a-kori-kura ta wuce, an labta mata buhunan hatsi har gindinta ya kusa taɓa ƙasa. Mai yiwuwa Peugeot 504 ce, wadda mu ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta cikin 1968. Cikin 1975 aka buɗe ma'aikatar Peugeot a Kaduna, aka yi ta harhaɗa irinta a can har 2006. Yau ba a yin sabuwa ko'ina. Wadda ka gani ɗin nan ta ga duniya, ta sha hannun makanikai.

To, ga inda wahala ta ke. Wani ya cire injinta ya sa na wata mota mai ƙarfi. Wani ya ƙara mata sifirin don ta ɗauki kaya fiye da ƙa'ida. Wani kuma ya musanya ƙafafun baya da na wata. Sunan da ke rubuce a jikinta Fijo ne, amma cikinta tattarmuka ne. Ga shi kuwa tun asali ba iri ɗaya ba ne: waɗansu ƙananan 504 faifai ne birkinsu gaba da baya, a-kori-kura kuwa faifai a gaba, ganga a baya. Saboda haka kada ka je kasuwa da sunan mota kaɗai. Kwance abin da ya lalace, ka sa a tsumma, ka tafi da shi. Ko a Katsina ne, ko ta kai ka har Ƙofar Ruwa a Kano, ajiye tsohon kusa da sabon, ka gwada tsawo da faɗi da ramukan ƙusa. In mai sayarwa ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne," ka gode masa, amma ka auna tukuna.

Abin da ya fi bukatar awo shi ne tukunyar nan da ke tura mai in ka taka birki, wadda makanikai ke kira masta. In raminta ya fi na asali faɗi, birki zai yi tauri, ka taka da iyakar ƙarfinka mota ba ta kama sosai ba. In ya fi ƙanƙanta, ƙafarka za ta nutse har kusa da ƙasa kafin ya kama. Daga waje ba ka iya ganin bambancin.

Yanzu fa, mene ne a ke iya yi da hannu, mene ne kuma sai an saya?

Takalmin birki na cikin ganga, in ƙarfensa lafiya lau ne, a kan cire cinyayyen layinsa a ɗora sabo, a kama da ƙusoshi, a nutsar da kawunansu don kada su karce gangar. Wannan aiki ne sananne. Amma lura, layin dā ya kan ƙunshi wani abu da a ke kira asbesto, ƙurarsa tana lalata huhu. Kada ka hura ta da baki ko da famfo. Goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Bututun ƙarfe da mai ke bi, shi ma a kan yanka sabo a lanƙwasa. Sai dai ba da bututun jan ƙarfe zalla irin na firji ba, gama girgizar hanya ta kan tsage shi. Faifai ko ganga da suka yi zane, mai injin juya ƙarfe yana iya shafe su kaɗan. A kan buga iyakar awonsu a jikinsu, in an wuce wannan sai a yar.

Abin da ba a yi kuwa, ba a yi wa tsagaggen faifai walda. Ba a ɗaure tiyo da robar taya. Robobin cikin masta sababbi a ke sa wa, domin na kwance, ko daga Kwatano suka zo, sun tsufa kamar naka. Kome ka canja a ƙafar dama, canja ɗan'uwansa na hagu, in ba haka ba mota za ta fizga gefe guda ranar da ka taka da gaggawa.

Sai batun mai. Duba gwangwanin ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Man inji ya kan kumbura robobi. Ruwan sabulu da waɗansu ke zubawa don su kai gida, da zafi ya yi yawa sai ya tafasa ya zama tururi, ƙafa ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Kai, ko man kirki ma yana shan laima a hankali, don haka a kan sake shi bayan shekara 2.

Kada ka manta da lissafin nan. Birki zafi ya ke mayar da gudu. In nauyin mota da kayanta ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. In gudu ya ninka, zafin ya ninka sau 4, nisan tsayawa ma haka. Wanda ya ƙara inji da sifirin ya bar birki yadda ya ke, ya ba jaki kayan raƙumi ke nan.

Sa'ad da aka gama ɗaurawa, sai a fitar da iska. Kai ka zauna ka taka ka riƙe, makaniki ya buɗe ƙusar kowace ƙafa, ya fara da wadda ta fi nisa da masta, har mai ya fito ba kumfa. Sa'an nan ka riƙe birki da ƙarfi minti guda. In ƙafarka tana nutsewa sannu sannu, akwai yoyo, kada ka fita. In ta tsaya cik, nemi fili inda ba yara ba dabbobi, ka gwada a hankali sau da yawa, ba kaya tukuna, daga baya da kaya.