HAYA KO SAYE: DARASI A KAN NA'URAR MODEM

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, gama wurinsu talakawa kan zo neman shawara kafin su sa hannu a takardar ciniki. Misalin daga ƙasar Amurka aka ɗauko shi, inda magidanta suka daɗe suna auna wanne ya fi, mutum ya sayi modem tasa ko ya yi hayar ta kamfani.

1. Mece ce modem?

A Amurka gidaje da yawa suna samun intanet ta wayar kebul, watau wadda aka ja tun farko domin talabijin. Kwamfuta ba ta gane saƙon da ke bin wayar nan sai an sa tafinta tsakani. Tafintan nan shi ne modem. Akwai kuma rauta, wadda ke rarraba intanet ɗin ga na'urorin gida ba tare da waya ba. Abin da kamfani ke ba da haya galibi akwati ɗaya ne da ya haɗa su biyun.

2. Asalin maganar

A da, mutumin Amurka bai mallaki tarhon da ke ɗakinsa ba. Na kamfani ne, haya yake biya. A shekarar 1968 hukumar sadarwa ta ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Carterfone, ta yarda mutum ya haɗa na'urarsa da layin kamfanin AT&T muddin ba za ta ɓata layin ba. Daga baya aka sami kamfanin da ke karɓar kuɗin haya ko daga wanda ya sayi tasa. Saboda haka majalisar ƙasar ta yi doka a 2019, ta fara aiki a Disamba 2020, ta hana karɓar haya a kan kayan da mai gida ya kawo da kansa. A Jamus ma, tun 1 ga Agusta 2016, doka ta ba mutum ikon zaɓen na'urarsa.

3. Lissafi

A shekarar 2023 kamfanin Comcast yana karɓar dala 15 kowane wata a kan akwatinsa. Kuɗin kaɗan ne a ido, shi ya sa ba a lura da shi. Amma a shekara ya zama dala 180, a shekara uku dala 540, akwatin kuwa har yanzu na kamfani ne. To, a ɗauka wani ya sayi modem da rauta a kan dala 150. Cikin wata 10 ya mai da kuɗinsa. A ƙarshen shekara uku ya tsira da dala 390, ga kuma kaya a hannu. Hanyar lissafin ke nan: a raba kuɗin saye da kuɗin hayar wata, abin da ya fito shi ne yawan watannin da za a yi kafin saye ya fara riba.

4. Haɗarin saye

Modem na kebul duka suna bin wata ƙa'ida da ake kira DOCSIS, wadda aka fara fitarwa a 1997. An yi ta sabunta ta: ta 3.0 ta fito a 2006, ta 3.1 a 2013. Wanda ya sayi tsohuwa don araha, zai riƙa biyan kuɗin gudun da na'urarsa ba ta iya ɗauka ba. Araha ba ta ado. Har wa yau, kowane kamfani yana da jerin waɗanda ya yarda da su, wadda ba ta ciki kuwa ba lalle ne a kunna ta ba. In ta lalace, ko tsawa ta ƙona ta, asarar mai ita ce. In kuma ya ƙaura zuwa unguwar da ake amfani da wayar faiba, modem ta kebul ba ta da sauran aiki.

5. Inda haya ta fi

Mai haya ba ruwansa da gyara, in akwati ya mutu sai a sake masa. Haya ta fi ga wanda zamansa bai kai watannin lissafin can ba. Wasu kamfanoni, kamar Spectrum, sun sa modem cikin kuɗin wata, mai saye bai rage kome ba. Amma wanda ya bar haya, tilas ne ya mai da akwatin, ya karɓi rasit, ya adana shi, sa'an nan ya duba takardar watan gaba ya ga ko an cire kuɗin. In ba haka ba, ana iya binsa bashin kayan da ya riga ya mayar.

6. Abin lura a Nijeriya

A Nijeriya galibi saye ake yi. MTN da Airtel da Glo suna sayar da modem da rauta masu aiki da layin waya, Starlink kuma, da ya shigo a 2023, sai an sayi kayansa. Sai dai da yawa a kulle suke, ba su karɓar layin wani kamfani. Wanda ya sayi irin wannan ya mallaki akwati, amma bai mallaki zaɓi ba. Ya kamata malamin hakimi ya bincika wannan kafin a fitar da kuɗin ofis.

Tambayoyi

(a) In haya dala 12 ce a wata, saye kuwa dala 180, wata nawa za a yi kafin saye ya fara riba?
(b) Wane ne ke ɗaukar asara in na'ura ta lalace, a haya da kuma a saye?
(c) Me ya sa rasit ya zama tilas ga wanda ya mai da kayan haya?