Darasin Ilmin Halittu Daga Lardunan Kewayen Bankok

Gabatarwa

Bankok, babban birnin ƙasar Tailan tun shekarar 1782, yana bakin Kogin Chao Phraya, cikin wata shimfiɗaɗɗiyar fadama wadda shinkafa ce babban amfaninta. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen ƙasar mabiya addinin Buddha ne. Masu yawon buɗe ido sukan fita lardunan kewaye don ganin kufan tsohon birnin Ayutthaya, wanda rundunar Bama ta rushe a 1767, ko doguwar hasumiyar Nakhon Pathom mai tsawon kimanin mita 120. Mu kuwa a wannan darasi, halittu za mu bi. Za mu tsaya a wurare uku, mu ga yadda rayuwar wata halitta take rataye da ta wata.

Shamuwa da dodon koɗi

A lardin Pathum Thani, arewa da Bankok, akwai gidan ibada mai suna Wat Phai Lom. Wurin ya yi suna saboda dubban shamuwa da suka daɗe suna sheƙa a bishiyoyinsa. Koyarwar addinin ta hana kashe mai rai, don haka harabar gidajen ibada takan zama mafakar tsuntsaye.

Wannan shamuwa, wadda masana suke kira Anastomus oscitans, tana da wata siffa ta musamman: ko ta rufe bakinta, akwai giɓi a tsakiyarsa. Ba a ƙyanƙyashe ta da giɓin, sai ta girma yake bayyana. Babban abincinta dodon koɗi ne. Takan riƙe shi, ta zura tsinin bakinta na ƙasa ta yanke naman da ke manne da ƙoƙon, ta zaro shi ba tare da ta farfasa ƙoƙon ba. Tana da 'yar'uwa baƙa a nan Afirka, wadda ake gani a dausayin Tafkin Chadi.

A shekarun 1980 aka shigo da wani dodon koɗi ɗan asalin Kudancin Amurka cikin Tailan. Ya tsere zuwa gonaki, ya yi ta hayayyafa, yana cinye dashen shinkafa tun yana ƙarami. Ana gane shi da ƙwansa mai launin ja-ja da yake liƙawa a jikin ciyawa sama da ruwa. Abin da ya zame wa manomi annoba, ga shamuwa gara ce. Yawanta ya ƙaru, ta bazu cikin fadamar, ta zama ɗaya daga cikin masu rage wa manomi ɓarnar.

Jemagun Ratchaburi

Yamma da Bankok, a lardin Ratchaburi, akwai kogo a dutsen Khao Chong Phran, kusa da wani gidan ibada. An ƙiyasta jemagun da ke cikinsa sun haura miliyan 2. Da magariba sukan fito a jere, kamar hayaƙi, su nufi gonaki. Daga cikin abin da suke ci akwai ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan jikin shinkafa. Kashinsu kuma ana kwashe shi a sayar don takin gona. Ke nan manomi yana amfana da su ta fuska biyu.

Maƙesun Amphawa

A lardin Samut Songkhram, inda Kogin Mae Klong ya doshi teku, baƙi sukan hau kwalekwale da dare daga garin Amphawa don kallon maƙesu. Mazan maƙesun suna taruwa a kan wata bishiyar bakin ruwa da ake kira lamphu, suna walƙawa tare, kusan sau biyu a kowace daƙiƙa, don jan hankalin mata. Hasken yana samuwa ne idan wani sinadari mai suna lusiferin ya haɗu da iskar oksijin a cikin jikinsu, kuma kusan ba ya fitar da zafi. Tsutsarsu tana zaune cikin laka, tana cin ƙananan dodon koɗi.

A nan ne yawon buɗe ido yake iya zama illa. Hasken lantarki yana dusashe saƙon da namiji yake aikawa, igiyar ruwan da jiragen inji suke tayarwa kuma tana zaizaye gaɓar da tsutsar take rayuwa. Idan gaɓa ta tafi, maƙesu sun tafi, abin da ya kawo baƙin ma ya tafi.

Kammalawa

Ɗalibi ya lura cewa babu halittar da ke rayuwa ita kaɗai. Shigo da baƙuwar halitta guda ya sauya yawan tsuntsu, kuma kare kogo guda yana kare gonaki masu yawa.

Aikin aji

1. Zana sarƙar abinci da ta haɗa shinkafa, dodon koɗi da shamuwa.
2. Me kake zaton zai sami shamuwa idan manomi ya zuba guba don kashe dodon koɗi?
3. Malami ya kai ɗalibai fadama mafi kusa, su rubuta tsuntsayen da suka gani da abin da kowanne yake ci.