Darasi: Raha da Yarda a Wurin Aiki

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama hedkwata, matan aure ke ta shiga aiki a sakatariya, da Asibitin Rasheed Shekoni, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Wasunmu har sun zama shugabanni. To darasinmu na yau shi ne: me ke sa ma'aikaciya ta faɗi abin da ta sani, ko ta ja bakinta ta yi shiru?

A 1996 wata malamar Jami'ar Harvard a Amurka, Amy Edmondson, ta fitar da bincikenta kan ma'aikatan jinya. Ta gano cewa sassan da ke zaman lafiya da shugabanninsu sun fi kai rahoton kuskuren ba da magani. Wato ba sa tsoron faɗa, shi ya sa ake gyarawa. Inda shugaba ke da tsawa kuwa, sai kowa ya binne nasa.

A nan raha take da amfani. Mu Hausawa mun san wasan taubasai da na Fulani da Barebari, inda ake faɗa wa mutum gaskiya cikin dariya, ba ya fushi. Idan babbar ungozoma ta ba da labarin shirmen da ta taɓa yi tana sabuwa, aka yi dariya, ƙaramar za ta iya cewa, "Anti, ban gane wannan awon ba." Wannan tambayar kan ceci ran mai naƙuda.

Amma fa raha iri biyu ce. Akwai ta sakin fuska, akwai ta zolaya da muzantawa. Wadda kika mai da abin dariya a gaban mutane ba za ta sake tambaya ba, dabarar da ta iya kuma ta riƙe kayanta. Haka nan in kin yi dariya da ita da safe, da yamma kin kai sukarta gaba, yarda ta tafi ke nan.

Don haka 'yar uwa, ki fara wasan da kanki, ki rufe asirin wadda ta kawo miki kuskurenta, ki kuma ambaci sunan mai shawara idan aka yaba aikin. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma. Allah Ya sa mu dace, amin.