Yadda Mutanen Bauchi Suke Jefa Ƙuri'a

Baƙon da ya sauka Bauchi yakan ce mutanenta masu sanyin hali ne, duk inda manya suka nuna nan za su bi. To, wanda ya faɗi haka bai karanta labarin zaɓen garin ba. Ya kamata mu da muke shirin zama malaman makaranta mu san wannan labari, gama malaman makaranta ne suka fara siyasar zamani a garin.

A 1943 waɗansu 'yan boko suka kafa taron tattaunawa a Bauchi, har manyan En'e da Turawan mulki sukan halarta. Cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, su biyun nan malamai ne a Makarantar Midil. Ana tafiya lafiya sai wata rana Malam Aminu ya kawo tambaya, wai da me ake auna albashin sarki? A zamanin Sarki Yakubu na uku wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ba a daɗe ba aka rufe taron.

Daga nan hanya ta rabu. Malam Abubakar yana ganin a gyara En'e daga ciki, sannu a hankali, shi ne ma ya kawo batun gyaranta a Majalisar Kaduna a 1950, ya kuwa zama jigo a N.P.C. Malam Aminu ya zama shugaban NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, Malam Sa'adu kuma ra'ayinsa na wajen 'yan sawaba ne har ya rasu a 1958.

Da aka zo zaɓe N.P.C. ce ta riƙa cinyewa, amma sai mu duba yadda ake zaɓen. A 1951 hawa-hawa aka yi shi, watau mutanen unguwa su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi waɗansu, har a kai ga lardi, sa'an nan En'e tana da ikon ƙara nata mutane a hawan ƙarshe. Ka ga ra'ayin talaka ya tace kafin ya isa Kaduna. A zaɓen tarayya na 1959 ne kowane magidanci ya shiga ɗaki shi kaɗai, ga akwatuna jere, ta N.P.C. da hoton fartanya, ta NEPU da tauraro. Duk da haka mai unguwa ya san gidan kowa, haraji a hannun hakimi yake, alƙali kuma na En'e ne. Banda wannan, Malam Abubakar ya zama Firayim Minista tun 1957, ba kuwa kowa ne zai juya wa ɗan ƙasarsu baya ba a irin wannan matsayi. Mata kam ba a ba su ƙuri'a a Arewa ba sai 1976, shekarar da Bauchi ta zama babban birnin jiha.

Halin mutanen ya fi fitowa fili bayan da mulkin farar hula ya dawo a 1999. A 2003 jihar ta zaɓi Janar Buhari na A.N.P.P. a kujerar shugaban ƙasa, ta kuma maida Ahmadu Adamu Mu'azu na P.D.P. kujerar gwamna. A 2007 Isa Yuguda ya bar P.D.P. ya shiga A.N.P.P., jama'a suka bi shi ya ci, shi kuwa Mu'azu da ya nemi kujerar Majalisar Dattawa sai Bala Muhammad ya kada shi. A 2011 aka sake rabawa, Buhari na C.P.C. a sama, Yuguda da ya koma P.D.P. a ƙasa. Wannan zaɓe ya bar tabo, don tarzomar da ta biyo bayansa ta ci rayuka, har da na matasa masu yi wa ƙasa hidima. A 2015 kuwa kiran "sak" ya yi aiki sosai, A.P.C. ta kwashe sama da ƙasa. Bayan shekara huɗu aka sake ba Buhari, amma aka sauke gwamnan jam'iyyarsa, Muhammad Abdullahi Abubakar, aka ɗora Bala Muhammad na P.D.P.

Waɗannan sakamako na jiha ne baki ɗaya, amma ƙaramar hukumar Bauchi ta fi kowace yawan masu ƙuri'a, shi ya sa ranar ƙidaya kowa yakan zuba ido ya ga abin da za ta kawo.

Me ya sa ake raba ƙuri'a haka? A ganina ma'auni biyu ne. Shugaban ƙasa yana nesa, da sunan da ya yi ake auna shi. Gwamna kuwa ga shi nan cikin gari, ana ganin motarsa, ana sanin wanda yake shiga gidansa. Bauchi garin ma'aikata ne, in albashi ko fansho ya makara, kafin mako ya zagayo ɗan kasuwar Wunti da na Muda Lawal sun ji a jikinsu. In ruwan Gubi bai zo famfo ba, matan gida sun riga kowa sani, su ma kuwa yanzu suna da ƙuri'a. Sa'an nan ga majalisun ƙofar gida, inda ake baje maganar bayan sallar isha'i, wa ya zo ta'aziyya, wa ya daina gaisuwa tun da ya hau kujera. Kuɗi da shinkafa suna aiki, kada mu ruɗi kanmu, sai dai ba kullum wanda ya karɓa yake cika alkawari ba in ya shiga rumfa.

Wanda aka tura aikin gwajin koyarwa cikin gari yana iya sa yaran aji shida kowa ya tambayi kakansa ko kakarsa shekarar da suka fara jefa ƙuri'a, da alamar da suka zaɓa, da dalili. A jera amsoshin a allo, na maza daban, na mata daban.