Sojan Gona A Wasiƙun Imel: Darasi Ga Masu Biyan Kuɗin Kaya

A shekarar 2023 hukumar bincike ta FBI da ke Amurka ta karɓi ƙararraki 21,489 daga kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane waɗanda aka damfara ta hanyar wasiƙun imel na kasuwanci. Jimlar hasarar da suka yi ta kai dala biliyan 2.9. A galibin irin wannan zamba ba a fasa banki, ba a kuma sace katin kowa. Wasiƙa ce take zuwa da sunan wani abokin ciniki da aka amince da shi, tana cewa an sauya lambar ajiyar da za a biya kuɗin kaya, sai mai kuɗin ya tura da hannunsa.

Wannan al'amari ya shafi duk ɗan kasuwar da yake odar kaya daga Sin ko Dubai ko Turkiyya, yana jiran kwantenarsa a tashar Apapa. Ya kuma shafi ɗan kwangilar da yake aika takardar neman biya ga ma'aikatu da kamfanoni. Tushen matsalar kuwa shi ne, sunan da yake bayyana a saman wasiƙar imel mai aikawa ne yake rubuta shi, kuma a tsarin asali babu mai tambayarsa hujja.

Yadda wasiƙa take tafiya

Ƙa'idar da na'urori suke bi wajen miƙa wa juna wasiƙu, wadda aka sani da sunan SMTP, wani masani ne mai suna Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya wallafa ta a watan Agusta na 1982. A wancan zamani masu amfani da hanyar sadarwar ba su da yawa, akasarinsu malaman jami'o'i ne da ma'aikatan cibiyoyin bincike waɗanda suka san juna. Saboda haka aka gina tsarin a kan amana, ba a tanadi hanyar tantance mai aikawa ba.

Lamarin ya yi daidai da na gidan waya. Mutum yana iya rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan, ya manna kan sarki, ya jefa a akwati, kuma masinja zai kai wasiƙar ba tare da ya nemi shaidar komai ba. A imel ma sunan mai aikawa yana zama a wurare biyu. Na farko yana kan abin da masana suke kira ambulan, wato bayanin da na'urorin rarraba wasiƙu suke yi wa juna, wanda mai karɓa ba ya gani. Na biyu yana saman takardar kanta, shi ne kuma yake fitowa a allon waya ko kwamfuta. Ba dole ba ne sunayen biyu su zo ɗaya. Akwai kuma wani layi na uku, na adireshin da za a mayar da amsa. Ɗan damfara yakan sa sunan kamfanin gaskiya a sama, ya sa nasa adireshin a wurin amsa, ta yadda duk tambayar da mai saye ya yi shi za ta iske.

Raunin na'urorin rarraba wasiƙu

Bayan wannan giɓi na asali, su kansu manhajojin da suke tafiyar da na'urorin rarraba wasiƙu sun sha zama ƙofar ɓarayi. A ranar 2 ga Nuwamba, 1988, wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ta bi ita ce wata kafa a manhajar Sendmail, kuma an ƙiyasta cewa ta kama kwamfutoci kimanin 6,000 daga cikin kimanin 60,000 da suke haɗe a lokacin. A shekarun 1990 kuma na'urori da yawa a buɗe suke, suna karɓar wasiƙa daga kowa su kai ga kowa, abin da masu watsa wasiƙun banza suka ci gajiyarsa har sai da aka tilasta rufe su.

Matsalar ba ta ƙare da wancan zamani ba. A ranar 2 ga Maris, 2021, kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa ga wasu kurakurai huɗu a manhajarsa ta Exchange, bayan da maharan da ya ce daga Sin suke aiki suka riga suka fara shiga ta nan. Dubban ma'aikatu da kamfanoni waɗanda suke ajiye na'urarsu a ofis ne abin ya shafa. A watan Afrilu na shekarar sai da wata kotu a Amurka ta ba FBI izinin shiga ɗaruruwan kwamfutoci domin cire ƙofofin ɓoye da maharan suka bari.

A watan Disamba na 2023 kuma wani mai bincike, Timo Longin, ya bayyana wata dabara ta daban. A ƙa'idar 1982, alamar ƙarshen wasiƙa ita ce ɗigo guda a kan layi shi kaɗai. Ya gano cewa wasu na'urori ba su fassara wannan alama iri ɗaya, don haka ana iya cusa wasiƙa ta biyu ta jabu a cikin ta farko, ta fito daga na'urar babban kamfani kamar halattacciya. Kamfanonin Microsoft da GMX sun toshe kafar daga ɓangarensu.

Matakan tantancewa guda uku

Domin cike giɓin, an samar da matakai uku waɗanda suke aiki a kan sunan gida, wato sashen adireshi da yake bayan alamar @. Na farko shi ne SPF, wanda aka wallafa a 2006. Da shi kamfani yake sanar da duniya jerin na'urorin da ya yarda su aika wasiƙa da sunansa. Na biyu shi ne DKIM na 2007, wanda yake kamar hatimi: na'urar mai aikawa tana sa wa wasiƙa hannu da mabuɗin sirri, ta mai karɓa kuma tana gwada sa hannun, ta gane ko an taɓa wasiƙar a hanya.

Sai dai SPF sunan da ke kan ambulan yake dubawa, shi kuma hatimin DKIM yana iya zama na kowane gida, ba lallai na sunan da mai karatu yake gani ba. Wannan ya sa a 2012 aka fito da mataki na uku, DMARC, wanda ya wajabta cewa sunan da ke saman wasiƙa ya dace da wanda aka tantance. Yana kuma ba mai gida zaɓi uku game da wasiƙar da ta faɗi gwaji: a bar ta ta wuce a aiko masa rahoto, ko a jefa ta cikin wasiƙun banza, ko a ƙi karɓarta baki ɗaya. Kamfanoni da yawa sukan tsaya a zaɓi na farko, alhali kuwa ba ya hana ko wasiƙa ɗaya isa. Tun daga watan Fabrairu na 2024, Google da Yahoo suka wajabta waɗannan matakai ga masu aika wasiƙu da yawa, Google kuma ya sa iyakar a kan wasiƙu 5,000 a rana.

Abin da matakan ba su hanawa

Wajibi ne ɗan kasuwa ya fahimci cewa matakan nan suna maganin nau'i ɗaya ne kawai na sojan gona, wato aron ainihin sunan gidan wani. Akwai sauran nau'i biyu.

Na farko shi ne kama da wane ba ta wane. Ɗan damfara yakan yi rajistar sunan gida mai kama da na gaskiya, ya sa lamba 1 a gurbin harafin l, ko ya jera r da n su yi kama da m. Tun da sunan nasa ne, wasiƙarsa tana cin dukkan gwaje-gwajen. Hatta sunan kamfani ana yi masa irin wannan aro. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani a Latbiya da suna irin na Quanta Computer, kamfanin Taiwan da yake sayar wa Google da Facebook kayan kwamfuta. Da jabun wasiƙu da takardun neman biya ya karɓi fiye da dala miliyan 120 daga kamfanonin biyu. Wata kotu a New York ta ɗaure shi shekara 5 a 2019.

Na biyu shi ne ƙwace akwatin wasiƙa na gaskiya. A watan Afrilu na 2018 aka yaudari babban jami'in kuɗi na Unatrac, kamfanin da yake dillancin injinan Caterpillar daga Ingila, ya shigar da kalmar sirrinsa a wani jabun shafi. Daga cikin akwatinsa aka riƙa ba ma'aikatan kuɗi umarnin biya, har aka kwashe kusan dala miliyan 11. A 2021 wata kotu a Amurka ta yanke wa ɗan Nijeriya Obinwanne Okeke ɗaurin shekara 10 a kan wannan zamba da wasu irinta. A irin wannan hali babu gwajin da zai nuna aibu, domin wasiƙar daga gidan gaskiya ta fito. Ɓarawon ma yakan zauna makonni yana karanta cinikin da ake yi, sai ranar biya ta gabato ya tsoma baki.

Abin da ya kamata a yi

Kamfanin da yake da sunan gida nasa ya umarci mai kula da na'urorinsa ya kafa matakan nan uku, ya bi rahotanni na wani lokaci, sannan ya kai DMARC matsayin ƙin karɓa. Wanda yake ajiye na'urar wasiƙa a ofis ya tabbata ana sa gyare-gyare da zarar sun fito. Kowane ma'aikaci kuma a ƙara masa tabbaci na biyu a kan kalmar sirri, irin lambar da take fitowa a waya. Haka kuma ya kamata a koya wa akanta da kashiya duba cikakken adireshi harafi bayan harafi, da buɗe asalin wasiƙa, inda Gmail yake nuna sakamakon gwaje-gwajen uku.

Mafi muhimmanci shi ne dokar ofis a rubuce: duk wasiƙar da ta zo da sauyin lambar ajiya, ko sauyin banki ko ƙasa, ba za a biya ba sai an kira mai kayan ta lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin wasiƙar ba. Manyan kuɗaɗe kuma sai mutum biyu sun sa hannu. Matsa lamba da cewa a biya yau, ko a riƙe maganar a asirce, dalili ne na ƙara jinkiri.

Idan kuwa kuɗi sun riga sun fita, a sanar da banki nan take domin ya nemi bankin da ya karɓa ya tsayar da su, kasancewar 'yan damfara sukan rarraba kuɗin cikin sa'o'i. A adana wasiƙun kamar yadda suka zo, kada a goge, sannan a kai ƙara ga hukumar EFCC ko cibiyar 'yan sanda mai yaƙi da laifuffukan intanet da ke Abuja. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga masu wannan aika-aika. Amma hukunci bai cika mayar da jari ba, shi ya sa kiran waya na minti biyu kafin biya ya fi duk wani matakin da za a ɗauka bayansa araha.