Darasi a Kan Mota: Yaushe Za Mu Canja Taimin Bel?

'Yan'uwa, dukanmu mun san fambel, gama a fili yake. Amma akwai wani bel na roba mai haƙora, a ɓoye cikin murfi a gaban inji. Makanikai suna kiransa taimin bel. Shi ke sa bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistan.

Fambel yakan yi kuka in ya gaji. Wannan kuwa sau da yawa ba ya sallama. In ya tsinke ana cikin tafiya, a injuna da yawa fistan zai bugi bawul ya lanƙwasa su. Sai an sauke kan inji, ga kuma hatsin ƙungiya ko marar lafiya a tsakiyar daji.

Saboda haka kada mu jira alama. Mu duba littafin motar. Galibi wajen kilomita 100,000 ne, ko shekara biyar, duk wanda ya riga cika, gama roba tana tsufa ko mota tana ajiye. In baƙin mai ya jiƙa shi, a canja nan da nan. Motar Beljiyam kuwa, ba mu yarda da lissafin mitarta ba. Da an saya a sa sabo, a rubuta kwanan wata da kilomita a jikin murfin.

Masu Peugeot 504 mai fetur su kwantar da hankali, tasu sarƙa ce.